Ciwon Daji Ba Dare Ɗaya Yake Tsirowa Ba: Yadda Ƙwayoyin Jiki Ke Rabuwa, Da Abin Da Ya Shafi Hantarmu Da Rumbunmu

A zangon Kumasi, ko na Kwatano, ko unguwar Hausawa ta Yawunde, idan aka ce wane ya kamu da ciwon daji, magana biyu ce ke fara fitowa daga bakin mutane. Ta farko, jifa aka yi masa don kasuwarsa ta buɗe. Ta biyu, kada a kuskura a kai shi asibiti, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma 'yar gidan fatake masu sayar da hatsi, don haka na ji waɗannan maganganu a tsakar gida, na kuma ga inda suke kai mutum a gadon asibiti. Shi ya sa yau nake so mu koma can tushe, mu ga daga ina ciwon nan yake farawa. Wanda ya san mafarin abu ya fi gane inda zai tare shi.

Jiki kasuwa ce da ba ta watsewa

Kowannenmu ya fara ne daga ƙwaya ɗaya tak a cikin mahaifa. Ita ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas, har aka samu mutum da ido da hanta da ƙashi. Babban mutum yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kuma kusan dukkansu ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Tun 1855 wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, ya kafe kan cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwayar take fitowa, kuma har yau a kan wannan ake tafiya.

Rabuwar ba ta tsayawa don mutum ya gama girma. Jiki kamar kasuwa yake, kullum kaya na fita, wasu na shigowa. Jan ƙwayar jini kwana 120 take yi ta mutu, don haka ɓargon ƙashi yana sako sababbi sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Shimfiɗar cikin hanji ba ta cika mako ba tare da an sabunta ta ba. Fata takan sauya a kusan wata guda. Idan wuƙa ta yanke ki a wurin girki, ƙwayoyin gefen ciwon ne ke rabuwa su cike gurbin. Abin lura kuma shi ne, da zarar wurin ya haɗe sai su tsaya. Ku riƙe wannan tsayawar, domin a kanta duk maganarmu ta rataya.

Kafin ƙwaya ta rabu

A cikin ƙwaya akwai littafin umarni da masana ke kira DNA. An rubuta shi da haruffa huɗu kacal, an ɗaure shi cikin kundi 46, guda 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane ɓangare yana da haruffa wajen biliyan 3. Da za a warware zaren da ke cikin ƙwaya ɗaya, zai kai tsawon mita 2.

Kafin ƙwaya ta rabu, sai ta fara yin girma ta tara kayan aiki. Sannan ta kwafe littafin nan gaba ɗaya, aikin da ke cin awa 8 ko makamancin haka. Sai ta sake dubawa, sannan ta jera kundayen a tsakiya, ta ja rabi dama rabi hagu, ta tsinke gida biyu. A ƙwayar da ke rabuwa akai-akai, zagayen duka yakan ɗauki kimanin awa 24.

Duk wanda ya taɓa sa yaron shago ya kwafe littafin bashi ya san sai an samu kuskure: a tsallake layi, ko a rubuta 6 a wurin 9. To ina ga haruffa biliyoyi? Saboda haka Allah Ya sanya wa ƙwaya masu gyara da ke bin rubutun suna gogewa suna gyarawa. Ya kuma sanya shingaye a hanya, irin waɗanda direban babbar mota ke tararwa kafin ya tsallaka iyaka. A shingen farko ana tambaya: ana ma bukatar sabuwar ƙwaya kuwa, kuma littafin lafiyarsa lau? A na biyu: an kwafe duka, babu ɓarna? A na uku: kowane kundi ya kama layinsa? Idan amsa ba ta gamsar ba, babu wucewa. Masana uku da suka gano yadda wannan tsari ke aiki, Leland Hartwell da Tim Hunt da Paul Nurse, sun samu kyautar Nobel a 2001.

Babban mai tsaron shingen wani sinadari ne da ake kira p53, wanda aka gano a 1979. Idan ya ga ɓarna a littafi, sai ya tsayar da ƙwayar har a gyara. Idan ɓarnar ta wuce gyara, sai ya umarce ta ta kashe kanta, kuma ta bi umarnin. Kullum haka na faruwa a jikinmu ba mu sani ba.

Totur ya maƙale, birki ya tsinke

Shi kansa umarnin rabuwa da na tsayawa a cikin littafin nan aka rubuta su. Wasu shafuka kamar totur suke, su ke cewa a tafi. Wasu kamar birki, su ke cewa a tsaya, kuma p53 yana cikinsu. Idan kuskure ya faɗa a shafin da ba shi da muhimmanci, babu abin da zai faru. Amma idan ya faɗa a kan totur ya maƙale, ƙwayar za ta riƙa rabuwa ba a sa ta ba. Idan bayan wasu shekaru wani kuskuren ya sami birki a cikin jikokinta, to an shiga uku. A kusan rabin duk ciwon dajin da ake samu a jikin ɗan Adam, ana tarar da p53 a lalace.

Kuskure ɗaya ba ya isa. Sai sun taru, wannan kan wancan, shi ya sa ciwon ya fi yawa ga masu shekaru. Lafiyayyar ƙwaya tana da iyaka, idan aka raine ta a ɗakin gwaji takan rabu sau 50 ko kusa da haka ta tsufa. Ta daji ta ɓalle wannan iyaka. A 1951, a birnin Baltimore na Amurka, an ɗebi ƙwayoyi daga ciwon bakin mahaifar wata mata mai suna Henrietta Lacks. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31, amma har gobe ƙwayoyin nan suna rabuwa a ɗakunan bincike na duniya.

A nan ne ƙari ya kasu biyu. Akwai wanda ke girma a wuri ɗaya, a killace, ba ya shiga gonar kowa, kamar ƙullutun kitse da ke fitowa a wuya ko baya. Akwai kuma wanda ke kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi, ya bi jini ko hanyoyin kaluluwa ya je ya yi sansani a huhu, ko ƙashi, ko hanta. Wannan na biyun shi ne daji. Da hannu ko da ido ba a tabbatar da wanne ne, sai an gutsuri ɗan nama an duba a madubin likita.

Lissafin da kowane ɗan kasuwa zai gane

Ɗauki ƙwayar gero ɗaya ka ninka. Ninki na 10 ka samu 1,024. Na 20 ka haura miliyan. Na 30 ka haura biliyan. A ƙiyasin da ake koya wa ɗaliban likitanci, sai ƙari ya tara ƙwayoyi wajen biliyan ɗaya, wato ninki 30, kafin ya kai girman ƙwayar gyaɗa, yadda hannu zai iya jin sa. Ƙarin ninki 10 kawai daga nan, ya kai nauyin kilo guda. Ka ga ke nan ranar da Hajiya ta fara jin ɗan ƙullutu a mamanta, ciwon ya riga ya ci kashi uku cikin huɗu na tafiyarsa a ɓoye.

Yanzu sai ku dubi yadda mu baƙin kasuwa muke yi. A ce bari kakar nan ta wuce. A ce bari in karɓo kuɗina da ke hannun mutane. A ce ai asibitin ƙasar nan ba ma jin yarensu, bari sai na je gida da Babbar Sallah. An je gida, sai a fara da turare da jiƙo, wata shida. Duk wannan lokaci ninki bai tsaya jiran kowa ba. Sai ciwo ya fashe, ya bazu, sannan a kwashi mutum zuwa asibiti. Likita ya taɓa, bayan 'yan makonni rai ya yi halinsa, sai a ce ai ga shi nan, dama daji ba ya son ƙarfe. Ƙarfen ya zo ne bayan aikin gama ya gama. Na ga matan da aka cire wa ƙullutu tun yana ƙarami, suna nan suna aurar da 'ya'yansu, amma ba su cika faɗa ba saboda kunya. Labarin waɗanda suka rasu ne kaɗai ke zagaya zango.

Hanta: inda abin ya fi shafarmu

Na zaɓi in tsaya a kan hanta ne saboda a Afirka ta Yamma dajin hanta yana cikin waɗanda suka fi kashe maza, kuma yana ɗaukar su da ƙuruciyarsu, 'yan shekara 30 zuwa 50, lokacin da gida da jari duk suka dogara a kansu. Manyan dalilansa biyu kuma duk suna kusa da mu.

Hanta tana da baiwar da sauran gaɓoɓi ba su da ita: ko an yanke kashi biyu cikin uku, takan sake tofowa. A zaman lafiya ƙwayoyinta ba su cika rabuwa ba. Amma idan wani abu yana kashe su kullum, dole su yi ta rabuwa don cike gurbi, kuma kowace rabuwa sabon kwafi ne, kowane kwafi kuma ƙofar kuskure ce.

Abu na farko da ke jefa ta cikin wannan hali shi ne ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi, miliyan 65 daga ciki a yankin Afirka. Babban mutum idan ya kamu, galibi jikinsa kan kore shi. Amma jaririn da ya kamu wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 za su zauna da shi har tsufa. Ƙwayar cutar tana zaune cikin hanta shekara 20, shekara 30, sojojin jiki na yaƙarta suna kashe ƙwayoyin hanta, hanta na sabuntawa, tabo na taruwa. Har ma takan cusa nata rubutun cikin littafin ƙwayar. Duk wannan mutum yana cin tuwonsa, yana loda motarsa, bai ji komai ba.

Ta jini da saduwa da haihuwa take yaɗuwa. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musabaha, ko zufa, don haka babu dalilin ware wa mai ita kofi. Inda ya kamata mu sa ido shi ne askar wanzami ranar suna, kaciya, cire belu, reza ɗaya ga yara biyar, almakashin mai yankan farce da ke zagaya kasuwa, da allurar da ake yi a bayan shago.

Abu na biyu yana cikin buhu. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan ba su bushe ba tana fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, aka bi diddigi aka tarar abincin gyaɗar da aka ba su ne. A 2004 a Kenya, gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Wannan idan gubar ta yi yawa ke nan lokaci guda. Abin da ya fi yawa a wurinmu shi ne kaɗan-kaɗan, a ƙuli-ƙuli yau, a kunu gobe, shekara da shekaru.

Hanta ce ke tace guba, don haka can take tafiya. A can sai ta manne wa littafin ƙwaya ta sauya harafi. A 1991 masana suka gano cewa a masu dajin hanta na yankin Qidong a ƙasar Sin da na kudancin Afirka, wuri ɗaya takamaimai ake yawan samun ɓarnar: matsayi na 249 a shafin p53. Daga baya aka ga irin wannan a Gambiya. Wato gubar nan mai tsaron shingen take nufa kai tsaye. To haɗa su biyu: ciwon hanta yana tilasta wa ƙwayoyi su yi ta rabuwa, guba kuma ta kashe mai duba kuskure. Shi ya sa wanda ya haɗa biyun haɗarinsa ya ninka na mai ɗaya nesa ba kusa ba.

Abin da ke hannunmu

Tunda ciwon shekaru yake ɗauka, shekarun nan su ne damarmu.

Na farko, gwaji. Digon jini ne, ana yi a kusan kowane asibiti. Alhaji, kai da uwargida da amarya da yaran gida da na shago, kowa ya yi. Wanda ba shi da cutar ya karɓi rigakafi, allura uku cikin wata shida. Wanda yake da ita kada ya karaya. Likita zai duba ko yana bukatar magani irin tenofovir, wanda ke danne cutar ya rage haɗarin daji, sannan a riƙa hoton hanta duk wata shida ga waɗanda likita ya ga suna cikin haɗari. Ya nisanci giya, ya kuma yi hattara da jiƙe-jiƙen wankin hanta da ake tallarsu a tasha da cikin motar haya, domin hantar da ke fama ba ta bukatar ƙarin kaya.

Na biyu, jarirai. Allurar farko tana da amfani sosai idan aka yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sai sauran a mako na 6 da na 10 da na 14. Ba kowace ƙasa ke bayar da ta ranar haihuwa kai tsaye ba, don haka Hajiya ki tambaya tun wurin awon ciki, ki kuma nemi a gwada ki. Ko a gida kika haihu, a kai jaririn a ranar, kada a jira suna. Idan za a tafi wankan jego gida, katin rigakafi ya bi jaka, a ci gaba daga inda aka tsaya. Wannan allura an ga aikinta: Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kuma dajin hanta a tsakanin yaran ƙasar ya ragu ƙwarai. A nan kusa da mu, Gambiya ta fara nata shirin a 1986.

Na uku, rumbu da sito. A nan maganar ta zama ta amana, domin abin da muka sayar wani ne zai ba ɗansa. A busar da kaya sosai a kan tabarma ko tamfol, kada a zube a ƙasa. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, inda iska ke shiga kuma rufi ba ya yoyo. Mai kai kaya kudu ya tuna damshin bakin teku ba irin na Maraɗi ko Kano ba ne, buhun da ya shekara lafiya a arewa zai iya yin fumfuna a Akra ko Duwala cikin ɗan lokaci. Buhun PICS mai ruɓi uku yana taimakawa, amma sai hatsin ya bushe kafin a ɗaure. A tsince gyaɗar da ta yamushe, ko ta canza launi, ko take ɗaci. Ku sani suya da tafasa ba sa kashe gubar nan. Kuma tsintar da aka ware kada a karyar da ita ga masu ƙuli-ƙuli, kada a zuba wa saniyar tatsa, domin gubar tana fitowa a nono. Na san asara ce, na taso ina ganin yadda ake lissafin kowane mudu. Amma ribar tiya biyu ba ta kai hantar yaro ba. Masu hulɗa da manoma kuma su tambaye su Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona ya rage gubar tun kafin girbi.

Ga mata, ƙullutu a mama, ko jini bayan saduwa, ko jini bayan al'ada ta ɗauke, duk ba abin jira ba ne. Dajin bakin mahaifa ma ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, mai suna HPV, kuma ita ma p53 take kashewa. Akwai rigakafinta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Najeriya ta sa ta cikin rigakafin gwamnati a Oktoban 2023.

In an riga an kamu

Sanin yadda ƙwaya ke rabuwa yana cire tsoron magani. Tiyata tana cire ƙarin tun yana wuri ɗaya. Gashi da na'ura yana farfasa littafin ƙwayoyin dajin har su kasa rabuwa. Allurar kemo kuwa tana farautar duk ƙwayar da ke saurin rabuwa. Wace ƙwaya ce mai lafiya da ke saurin rabuwa? Ta tushen gashi, ta hanji, ta ɓargo. Dalilin zubewar gashi da amai da kasala ke nan. Mutane da yawa suna ganin haka sai su gudu bayan allura ta biyu, a ce maganin ya fi ciwon. Alhali lafiyayyun ƙwayoyi suna farfaɗowa, gashi yana dawowa, shi ya sa ma ake ba da hutun makonni tsakanin allura da allura. Wanda ya katse a tsakiya ya bar ƙwayoyin da suka fi taurin kai ne su ci gaba da ninki.

Kuma ba dole sai an koma gida ba. Ana kula da masu ciwon daji a Korle Bu da ke Akra, da Komfo Anokye a Kumasi, da babban asibitin Duwala, da cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai wadda ta fara gashi a 2021. Idan yare ne matsala, a tafi da ɗan da ya yi makaranta a ƙasar. Idan kuɗi ne, ƙungiyoyinmu na kasuwa da ke haɗa kuɗin kai gawa gida za su iya haɗa na gwaji da magani tun mutum yana kan ƙafarsa. A riƙe takardun asibiti duka a jaka ɗaya, don in an tsallaka iyaka kada sabon likita ya fara daga farko.

Rai da ajali na Allah ne, addu'a kuma ba a barin ta. Amma mu 'yan kasuwa ne, babu wanda ke ganin ruwa na ɗiga a kan buhunansa ya ce bari sai bayan Sallah. Wannan makon, Alhaji, kafin ka tura kuɗin lodi na gaba, ware na gwajin hanta na mutanen gidanka. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.